Ku daina kai bijimin kirki kasuwa kuna barin raggo a garke

'Yan uwa makiyaya, ƙorafin da muke ji a kowace ruga iri ɗaya ne: shanu sun ƙanƙance, karsana sai ta wuce shekara huɗu ba ta haihu ba, maraƙi ba ya tsallake bazara. Sai a ɗora wa ciyawa laifi. To amma da mun ce a nuna mana bijimin garken, sai a nuno wani ramamme mai karkatacciyar ƙafa. Ina ƙosasshen da muka gani bara? An kai shi Wudil ko Maigatari ana gab da Sallah, saboda shi ya fi kuɗi.

Haba Alhaji! Saniya maraƙi ɗaya take ba ka a shekara, in an yi sa'a. Bijimi ɗaya kuwa yana barbarar shanu 25 zuwa 30, kuma rabin jinin kowane maraƙi nasa ne. Ka sayar da na kirki ka bar raggo, ka ci kuɗin wata ɗaya, garke ya yi shekaru yana biya. Mun san larura ce, biki ko asibiti ko abincin gida. Amma in sayarwa ta zama dole, ga tsohuwar saniyar da ta daina haihuwa, ga fiɗiyayyen sa. Don me sai bijimin iri?

Kuma ba girman jiki ake nema ba. Ga mai kiwon ciyawa, dabbar kirki ita ce wadda ke fita daga rani da sauran tsoka a jikinta ba tare da an yi ta narka mata dusa ba, kaska ba ta cika damunta ba, ta kuma ɗauki ciki a kan kari. Shanunmu na gida, Bunaji da Bokoloji da Azawak, sun saba da zafinmu da tafiya mai nisa. Manyan shanun Turai da wasu ke ɗoki, ba hatsi ba inuwa ba magani, bazara ɗaya ke kayar da su. Zaɓi na kirki daga cikin namu, sannan ka riƙe shi. Riƙewar ce ke gagarar mutane.

A watan Afrilu ake duba bijimi, lokacin da ciyawa ta ƙare. Da kaka kowane sa kyakkyawa ne. Ka duba uwarsa: tana haihuwa a jere? Nononta na ƙosar da maraƙi? Sai ƙafafu miƙaƙƙu, faɗin ƙirji, maraina biyu daidai ba kumburi. Kumburin maraina ko na gwiwa na iya zama bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, kuma tana kama mutum ta ɗanyen nono. Kira likitan dabbobi, kada a sake shi cikin mata.

Sauran a gurguje:
- A fiɗiye duk ɗan maraƙin da ba a zaɓa ba kafin ya kai shekara ɗaya.
- Kada bijimi ya wuce shekara 3 a garke ɗaya, don kada ya hau 'ya'yansa. Ku yi musaya da wata ruga mai nisa.
- Cikin saniya wata 9 ne da 'yan kwanaki. Barbarar Satumba na kawo haihuwa a Yuni, ga ɗanyar ciyawa.
- A tanadi harawa da gishirin lasa tun kaka.

Wanda ka saya a kasuwa kuwa, a ware shi kamar mako uku kafin ya shiga garke, saboda ciwon huhu da boru, wato ciwon baki da kofato. Sallah na tafe, dillalai za su zo, kuma wanda kuka fi so shi za su fara nunawa. Ku ce ba na sayarwa ba ne.