Waiwaye: Cutar fitsarin ɓera da garakan bakin kogin Yamai

A 1886 wani likitan Jamus, Adolf Weil, ya bayyana wani zazzaɓi mai zuwa da shawara da lalacewar ƙoda. Sai a 1915 Inada da Ido suka gano ƙwayar cutar a Japan, inda take addabar masu haƙar kwal. Ita ce leptospirosis. Ƙwayar tana zama a ƙodar ɓera ba ta kashe shi, tana fita cikin fitsarinsa, ta yi makonni a ruwa ko taɓo tana da rai. Mutum kuwa ta rauni ko kaushin ƙafa take shigarsa, ko ta ido da baki.

An daɗe ana ɗaukar ta cutar ƙasashe masu yawan ruwan sama, shi ya sa ba a cika nemanta a Sahel ba. Wani bincike da aka wallafa a 2015, wanda masana na cibiyar bincike ta IRD ta Faransa suka yi da takwarorinsu na Nijar, ya rushe wannan zato. Sun kama ɓeraye sama da 500 a sassan Yamai. Ba a cikin gidajen tsakiyar gari suka sami ƙwayar ba. A garakan bakin kogin Isa suka same ta, jikin gafiya da ɓerayen gona, inda ban ruwa ke hana ƙasa bushewa rani da damina.

Nan ne abin ke da ciwo. Mai noman salati da kabeji yana wuni cikin laka ba takalmi, haka mai shinkafa. In zazzaɓi ya kama shi da ciwon kai, kowa cewa zai yi cizon sauro ne, a sayo magani a bakin hanya. Jan ido da ciwon dambubu, waɗanda ya kamata su sa a yi shakka, ba a kula su. Alhali in an gano ta da wuri, doxycycline ko penicillin na maganinta.

Ga kuma ambaliya. A Satumban 2020 kogin ya ɓalle datsi ya malale unguwannin Lamorde da Kirkisoy na Yamai, ruwan garaka ya shiga ɗakunan kwana, yara suka yi ta tsoma ƙafa a ciki.

Ƙiyasin da aka fitar a 2015 ya ce cutar na kama mutum kusan miliyan 1 a duniya kowace shekara, ta kashe kimanin 59,000. A ganina, duk mai garka da zazzaɓinsa ya ƙi jin maganin cizon sauro, haƙƙinsa ne ma'aikacin lafiya ya tambaye shi a wane ruwa yake aiki.