Me ake nufi da gyaran kuskure a rubuce?

Gyaran kuskure a rubuce shi ne duk alama ko bayanin da malami ya sa a kan rubutun ɗalibi don nuna masa inda ya saɓa wa nahawun harshen da yake koyo. Mu dai da jan biro muka san shi.

Iri uku aka fi yi. Akwai na kai tsaye, inda malami zai soke kalmar ya rubuta daidai a samanta. Akwai na kaikaice, ya ja layi a ƙarƙashi kawai, ya bar ɗalibi ya gano da kansa. Na uku kuwa, ya rubuta gajeren bayanin ƙa'idar a gefen takarda.

Kafin a zaɓi ɗaya, sai an san irin kuskuren. Tun a 1967 masanin harshe Pit Corder ya raba tuntuɓen alƙalami da rashin sanin ƙa'ida. Mai tuntuɓe, layi ɗaya ya ishe shi. Wanda bai san ƙa'idar ba kuwa, ko layi goma aka ja masa, kallo zai bi su da shi. Ɗauki Bahaushe mai koyon Turanci. A Hausa "na sayi littafi" jimla ce cikakkiya, don haka yakan rubuta "I bought book", ya bar "a" ba tare da ya ji wani giɓi ba. Irin wannan ɗalibi, bayani yake buƙata.

Masana sun sha jayayya a kan amfanin abin. A 1996 John Truscott ya ce a daina gyaran nahawu gaba ɗaya, domin ba ya ƙara ƙwarewa, yana ma sa ɗalibai su guje wa jimloli masu wuya. Dana Ferris ta mayar masa da martani a 1999. Daga baya John Bitchener ya yi gwaji a New Zealand a kan "a" da "the" kaɗai, ya ga waɗanda aka yi wa gyara sun fi sauran a sabon rubutu. A lura da wannan, sabon rubutu. Kwafe gyaran malami a tsohon insha'i ba ya nuna an koyi komai.

A aikace, malami ya ware kuskure ɗaya ko biyu da suka fi yawa a ajin, ya ƙyale sauran zuwa wani zagaye. Takardar da aka cika da ja, maki kawai ɗalibi yake dubawa ya ninke ta. A ba ɗalibai minti goma a cikin aji su sake rubuta jimlolin da aka yi wa alama, sannan bayan mako biyu a ba su sabon batu a ƙirga kuskuren nan. Abin da ke da ƙa'ida tsayayya, kamar dacewar aikatau da mai aikatawa, a ja layi. Zaɓen kalma kuwa ba shi da ƙa'idar da ɗalibi zai duba, gara malami ya rubuta masa daidai ɗin.