Rikicin fitilun LED masu rage haske a cikin gida

Rikicin fitilun LED masu rage haske matsala ce ta wutar gida, inda fitila ke ƙifce-ƙifce, ko ta riƙa ƙugi, ko haskenta ya sauya saboda an murɗa makunnin wata fitila dabam. A Legas abin yakan fi ɗaure kai, domin gida guda yana iya shan wuta ta hanya uku: layin kamfani da har yanzu ake kira NEPA, janareta, da inbata. Tsofaffin gidajen haya irin na Agege da Idi-Araba kuwa an ja musu waya tun kafin zuwan LED.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Na'urar rage haske, wadda masu gyaran wuta ke kira dima, datse wutar take yi: tana yanke wani yanki na kowane rabin zagaye, wato sau 100 a daƙiƙa. Tsohon ƙwai mai zare bai damu da wannan ba, tunda zaren ba ya hucewa tsakanin yanka da yanka. Shi kuwa ƙwan LED, a gindinsa akwai 'yar na'ura da ake kira direba, kuma ba kowane direba aka ƙera don ya sha yankakkiyar wuta ba. Shi ya sa ake duba kwalin ƙwan tun a shago, ko a kasuwar Alaba ne ko a bakin titi, a ga an rubuta cewa yana karɓar dima.

Dima iri biyu ne. Tsohon samfuri mai TRIAC, wato 'yar na'urar da ke yin yankan, yana datse farkon zagaye, kuma yana buƙatar nauyi, wato fitilu masu jan wuta da yawa, kafin ya tsaya daram. Da yawa ba sa aiki sosai a ƙasa da wat 40. Ƙwai uku masu wat 7 jimillarsu 21 ce kacal, sai na'urar ta riƙa kamawa tana saki, ido ya ga ƙiftawa. Sabon samfuri yana datse ƙarshen zagaye, ya fi jituwa da LED, ƙararsa ma kaɗan ce.

Shigar fitila cikin sha'anin 'yar'uwarta kuma daga wannan yanka mai kaifi take zuwa. Kowace datsa tana watsa hayaniyar lantarki a cikin waya, idan kuma dima biyu sun haɗa wayar nutural ɗaya, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ko wayoyinsu sun yi doguwar tafiya a bututu guda, hayaniyar falo sai ta bayyana a ɗakin kwana. Mai sauraron rediyo a gajeren zango yakan ji ta tun kafin ya gan ta. Yoyon 'yar wuta irin wannan ne ke sa ƙwai ya ci gaba da ɗan haske bayan an kashe shi, musamman idan makunnin mai 'yar jar fitila ne.

Wajen bincike, abin da ya fi sauƙi shi ne a lura da lokaci. Idan sai an tayar da janareta ko an koma kan inbata fitilar ke rawa, laifin na tushen wutar ne, domin ƙananan inbatoci masu arha ba sa ba da wuta mai santsin zagaye. Idan haske ya dushe daidai lokacin da firij ko famfon ruwa ya tashi, nauyi ne ya yi wa layin yawa, sai a raba musu bireka. In ba haka ba, a cire ƙwayayen a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kada a cakuɗa na kamfanoni dabam-dabam a kan dima guda. Regiletar fanka ba dima ba ce, duk da kamar da suke yi a bango.

Akwai alama ɗaya da ba a wasa da ita: wasu fitilu su ƙara haske yayin da wasu ke dushewa a gidan da NEPA ta ja wa layi uku. Wannan yakan nuna nutural ta yi sako-sako, abin da kan ƙona kayan wuta har ya ta da gobara. A kashe babban makunni, a kira ƙwararren mai gyaran wuta.