Waiwaye: Dalilin da ya sa ƙarar zaɓe ke da wuyar ci a Najeriya

Tun 1979 kotu ta shiga lissafin ƙuri'a. Doka ta buƙaci mai cin zaɓen shugaban ƙasa ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a biyu bisa uku na jihohi. Awolowo ya ce Shagari bai samu hakan a jihohi 13 daga cikin 19 ba, domin a Kano ya gaza kashi 20 cikin ɗari. Kotun Ƙoli ta yarda da lissafin jiha 12 da biyu bisa uku, aka rantsar da Shagari.

Bayan 1999 matsalar ta koma ta lokaci. Peter Obi ya ci zaɓen gwamnan Anambra na 2003, amma sai a Maris 2006 ya hau kujera, bayan kotu ta tabbatar masa da nasarar. Fayemi a Ekiti da Aregbesola a Osun sun jira daga 2007 har ƙarshen 2010. Wannan jan ƙafa ne ya haifar da gyaran sashe na 285 na tsarin mulki: kwana 21 na shigar da ƙara, 180 na yanke hukunci, 60 na kammala ƙarar da aka ɗaukaka.

Gyaran ya toshe wata kafa, ya buɗe wata. Doka na ɗaukar sakamakon INEC a matsayin sahihi, mai ƙara ne zai kawo hujjar akasin haka, ya kuma nuna cewa saɓa ƙa'idar ta sauya sakamako. Cikin kwana 21 ɗin nan lauya zai nemo takardun sakamakon rumfuna (EC8A) masu hatimi daga hukumar da yake ƙara, ya haɗa rantsattsun bayanan shaidu. Wakilin jam'iyya na jiha ba ya shaidar abin da ya faru a rumfar da bai tsaya ba, alƙali zai ce jita-jita ce. Takardun da aka jibge ba tare da mai bayani ba kuwa, watsi ake yi da su. Rumfunan zaɓe sun haura 176,000. Kwamitin Uwais kan gyaran harkar zaɓe ya ba da shawara a 2008 a mayar da nauyin hujja kan INEC, ba a ɗauka ba.

Na'ura ma ba ta raba gardama ba. A 2016 Kotun Ƙoli ta ce na'urar tantance kati ba ta kori rajistar masu zaɓe ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba BVAS, sabuwar na'urar tantance masu zaɓe, gindin zama, amma a Oktoba 2023 kotun ta ce rashin ɗora sakamako a IReV, shafin INEC na duba sakamako, bai isa a soke zaɓe ba.

A zaɓen gwamnan Kano na 2023, kotun sauraron ƙarar zaɓe ta zabtare wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'u 165,663 saboda ba hatimi da sa hannu a bayansu, aikin da na malamin zaɓe ne. Kotun Ƙoli ta mayar masa da su ranar 12 ga Janairu 2024.