Mene ne tsaunin ƙanƙara, kuma me ya sa siffarsa take bambanta?

Mu mazauna Jidda da Makka mukan ji kalmar "jabal jalidi" a labaran Larabci, wato tsaunin ƙanƙara mai yawo a teku. Da yawa suna zaton ruwan teku ne ya daskare, alhali ruwan daɗi ne zalla, kuma asalinsa daga tudu yake. Dusar ƙanƙara takan zuba a Girinlan, babban tsibirin da ke can ƙuryar arewacin duniya, da Antaktika, nahiyar da ke can ƙuryar kudu, ba ta narke ba, ta sama tana danne ta ƙasa, har bayan dubban shekaru ta dunƙule ta zama ƙanƙara mai kauri wadda take gangarowa sannu a hankali zuwa gaɓa. Idan bakinta ya shiga teku sai wani yanki ya ɓalle, shi ne tsaunin. Da yake ƙanƙara ta ɗan fi ruwan gishiri rashin nauyi, kusan kashi 9 cikin 10 na jikinsa a nutse yake.

Siffarsa kuwa tana bin inda ya fito. A Antaktika ƙanƙarar takan shimfiɗu a kan ruwa tun kafin ta karye, saboda haka abin da yake ɓallewa mai shafaffen kai ne kamar tebur. Wanda aka sa wa suna B-15, da ya ɓalle a shekarar 2000, tsawonsa ya kai wajen kilomita 295. A Girinlan kuwa ƙanƙarar takan matso ta tsakanin duwatsu tana tsattsagewa, shi ya sa nata sukan fito da tsini kamar hasumiya. Daga nan teku ya karɓi aikin: igiyar ruwa tana ƙwaƙule gefensa, ƙasansa yana narkewa, har nauyi ya rinjaya gefe guda ya kife, ya fito da wata sabuwar fuska.

A ganina wannan bambanci ya shafe mu fiye da yadda ake tsammani. A 1977 Yarima Muhammad Al-Faisal ya ɗauki nauyin taron masana a jihar Ayowa ta Amurka kan janyo tsaunin ƙanƙara zuwa Saudiyya don samun ruwan sha, kuma mai siffar tebur aka nufa, domin ba ya saurin kifewa. Nisan tafiya da ɗumin tekun da za a ratsa sun sa shirin bai tabbata ba, muka ci gaba da shan ruwan tekun da aka tace.