Ƙaiƙayin da Ke Zubowa Daga Silin Mota

Wani direban haya ya zo mana asibiti, wuyansa da damatsansa sun yi jajir, ga sawun farce ko'ina. Ya shafa maganin ƙazuwa, maiɗakinsa ta shanya katifa a rana, amma ƙaiƙayi na nan daram. Da na tambaye shi lafiyar motarsa, sai ya ce ai ƙyallen silinta ya saki tun bazara, shi kuwa ya yage shi ya huta. To, a nan gizo ke saƙa.

A motoci da yawa, allon da ke bayan wannan ƙyalle da zaren gilashi ake haɗa shi, abin da makanikai ke kira faiba. Akwai shi kuma a ƙarƙashin bonet da cikin salansa. Muddin yana lulluɓe, ba ya cutar da kowa. Amma in zafin rana ya cinye gam ya bar shi tsirara, gargadar hanya da iskar taga sai su riƙa kaɓo ɓurɓushinsa. Duk wanda ya taɓa sussukar gero ya san irin wannan azaba, sai dai wannan gilashi ne: yana soke fata, ya sa ido ja da hawaye, maƙogwaro ya yi kaushi, mai asma kuma ciwonsa ya tashi.

Kada hankali ya tashi fiye da kima. Tun 2001 hukumar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, ta cire audugar gilashin da ake tare zafi da ita daga jerin abubuwan da ake zargi da jawo kansa. Ni dai yaran gareji ne suka fi tsaya min a rai, masu goge faiba da sanfefa ba takunkumi, su gama su hure ƙurar da iskar kwamfireso a fuskar 'yan uwansu. Oga, amana ce a hannunka. Saya musu takunkumin N95 da tabarau, a riƙa kwashe ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma.

In ɓurɓushin faiba ya taɓa ka, kada ka sosa, susa ƙara cusa shi take yi. Ka ɗauraye da ruwan sanyi da sabulu, ka manna salatif ka ɗago abin da ya maƙale. Ido kuwa a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na kamar minti 15, in bai daina ba a zo asibiti. Kayan aiki a wanke su daban, kada a haɗa da na yara.

Direban nan ya kai wa mai kushin ya rufe silin. Da ya dawo bayan mako guda, sawun farcen kawai ya rage.