Majalisa, Ministan Cikin Gida da Shugabannin Tsaro: Wa Ke Iya Titsiye Wa?

Duk ranar da aka kai hari, ko aka fasa gidan yari, ko aka ƙara kuɗin fasfo, tambayoyin nan dai su ne ke dawowa, daga teburin mai shayi a Garki har zuwa zaurukan WhatsApp na mutanen Kubwa da Gwagwalada. Ga amsoshin wuri guda. A karanta kafin a sake turo su.

Majalisar Tarayya tana da ikon kiran minista?

Tana da shi. Sashe na 67 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce in ɗaya daga cikin majalisun biyu ta gayyaci minista ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa, zuwa ya zama dole. Sashe na 88 da na 89 sun ƙara mata ikon bincike da aika sammaci.

'Yan sanda a ƙarƙashin Ministan Cikin Gida suke?

A'a. Sau nawa za a faɗa? Shige da fice, gidajen gyaran hali, Sibil Difens da 'yan kwana-kwana, su ne nasa. 'Yan sanda suna da tasu ma'aikatar, sojoji na Ma'aikatar Tsaro ne, kwastam na Ma'aikatar Kuɗi, hukumar tsaron farin kaya ta DSS kuwa fadar shugaban ƙasa take kai wa rahoto. Kowanne da kwamitin da ke sa masa ido a Majalisar Dattawa da ta Wakilai. Wanda ya kai ƙarar ɗan sanda gaban kwamitin cikin gida ya ɓata takardarsa ne kawai.

In an kira mutum ya ƙi zuwa fa?

A takarda, ana iya ba da umarnin a kamo shi. To wa zai kamo? Sashe na 89 ya ce ɗan sanda ne, ko wanda Shugaban Majalisar Dattawa ko Kakakin Majalisar Wakilai ya wakilta. A 2018 Majalisar Dattawa, lokacin Bukola Saraki, ta kira Babban Sufeton 'Yan Sanda Ibrahim Idris har sau uku kan kashe-kashe da kama Sanata Dino Melaye. Bai je ba, ya tura mataimakinsa, suka ƙi sauraronsa. A ƙarshe suka ayyana shi maƙiyin dimokuraɗiyya wanda bai cancanci riƙe muƙami ba. Yana nan a kujerarsa har Janairun 2019. Wane kurtu ne zai je hedikwata ya sa wa maigidansa ankwa?

Me ya sa ba za su kori ministan da ya gaza ba?

Don ba su suka naɗa shi ba. Majalisar Dattawa tantancewa take yi ta amince, naɗi da kora na shugaban ƙasa ne. Abin da kuke gani a talabijin, a miƙe a yi ta kumfar baki sannan a buga guduma, matsaya ce aka cimma, kuma matsaya shawara ce, ba doka ba.

Ranar 15 ga Maris 2014 sama da mutum 15 suka mutu a turmutsitsin ɗaukar ma'aikatan shige da fice a faɗin ƙasa, har da filin wasa na ƙasa a nan Abuja, bayan kowane mai nema ya biya naira 1,000. Kwamitin cikin gida na Majalisar Dattawa ya yi zaman sauraron ba'asi, Ministan Cikin Gida na lokacin, Abba Moro, ya bayyana. Bai sauka ba sai da gwamnatin Jonathan ta ƙare a 2015, a 2019 kuma ya dawo majalisar a matsayin sanata. Haka a 2020, majalisun biyu suka yi ta kira a sauya hafsoshin soja. Buhari bai sauya su ba sai 26 ga Janairu 2021, ya kuma aika sunayensu a naɗa su jakadu, Majalisar Dattawan ta amince.

Ke nan ba su da wani amfani?

Kada a yi gaggawa. Ƙarfinsu yana wurin da ba a cika haskawa ba. Ba kobon da zai fita daga baitulmali zuwa sojoji ko shige da fice sai da dokar kasafi, kuma kowace hukuma sai ta zauna gaban kwamitinta ta kare abin da ta nema. Shugaban hukumar da ya yi watsi da sammaci a watan Mayu, shi ne zai zo da fara'a lokacin kare kasafi. Sashe na 5 ya hana tura soja yaƙi wata ƙasa ba da yardar Majalisar Dattawa ba. In ta kama an tura cikin gaggawa, sai a nemi amincewarta cikin kwana 7, ita kuma ta amsa cikin kwana 14. A watan Agusta 2023, da Tinubu ya rubuto mata kan shirin ECOWAS game da juyin mulkin Nijar, ba ta goyi bayan ɗaukar matakin soja ba, ta ce a bi sulhu. Dokar ta-ɓaci ma sai kashi biyu bisa uku na kowace majalisa sun yarda. Ko da yake ta jihar Ribas a Maris 2025 da murya aka amince da ita, ba a ƙirga kai ba, kuma ban san yadda kunne ke auna kashi biyu bisa uku ba.

Iko dai akwai shi. Amfani da shi ne ke ƙaranci, musamman in jam'iyya ɗaya ce ke riƙe da fada da majalisa.

Shugaban ƙasa fa, ana iya kiransa?

Gayyata ana iya yi, tilastawa ce babu. Sashe na 67 cewa ya yi yana iya zuwa. Bayan yankan manoman Zabarmari a ƙarshen Nuwamban 2020, Majalisar Wakilai ta gayyaci Buhari, aka sa ranar 10 ga Disamba. Antoni Janar Abubakar Malami ya fito ya ce majalisa ba ta da wannan hurumin, shugaban bai je ba.

An zalunce ni, ko an zalunci ɗan'uwana, a hannun jami'an shige da fice ko wata hukumar tsaro. In kai koke majalisa? Kuma yaya ake yi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma amsarta ta danganta da irin matsalar.

In mutum yana tsare ne yanzu haka, kada ka fara da majalisa. Majalisa ba ta ba da beli, ba ta da ikon cewa a saki kowa. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ka nemi lauya ya shigar da ƙarar kare haƙƙi a babbar kotu. In babu hali, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Sai dai a sani, da zarar magana ta shiga kotu, kwamiti ba zai taɓa ta ba. Don haka galibi zaɓi ne tsakanin hanyoyi biyu, kuma lauya ne zai auna maka wacce ta fi.

In kuwa fasfo ne ya maƙale wata da watanni, ko an karɓi kuɗi fiye da ƙa'ida, ko an kori ma'aikaci ba bisa tsari ba, ko haƙƙin mamaci ya ƙi fitowa, koke na iya aiki. Amma ka fara rubuta wa hukumar kanta. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a naka, da kwanan wata da sa hannu. Wannan 'yar takardar mai hatimi ta fi dogon labarinka nauyi, domin abu na farko da wakilin hukuma zai faɗa gaban kwamiti shi ne ba su taɓa jin maganar ba. In bayani kake nema, ka kafa hujja da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Koken kansa shafi ɗaya ko biyu ya isa. Sunanka, adireshi, lambar waya, sa hannu. Ranar da abin ya faru, ofishin da ya faru, sunan jami'in kamar yadda yake rubuce a ƙirjin kakinsa in ka gani, lambar takardar neman fasfo, rasit. A ƙarshe ka faɗi abin da kake so a yi maka a jimla ɗaya: a ba ni fasfona, a maido min kuɗina, a maida ni bakin aiki. "A bi min haƙƙina" ba buƙata ba ce, kuka ne. Ban da zagi, ban da zargin da ba ka da shaidarsa. Da Turanci ake gabatarwa, in da Hausa ka rubuta a haɗa da fassara. Kwafi za ka liƙa, takardun asali su zauna a gida sai ranar zama.

Ba kai za ka miƙa a zaure ba, sai ta hannun ɗan majalisa. Mazaunin Abuja yana da sanata ɗaya da wakilai biyu: na Birni da Bwari, da na Abaji, Gwagwalada, Kwali da Kuje. Shi zai gabatar a zaure, a tura wa kwamitin koke-koken jama'a, kwamiti ya kira ɓangarorin biyu. Ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka kawo na tura fayil, ɗan damfara ne.

Inda ake tuntuɓe kuwa da yawa. Hukuma na iya ƙin zuwa a ɗage zama, ka sake biyan kuɗin mota, a sake ɗagewa. In kai ne ka yi fashin zuwa, ana iya watsar da koken. Dogon hutun majalisa yakan fara wajen ƙarshen Yuli ya kai Satumba, wanda ya kai koke a tsakiyar Yuli ya shirya jira. Majalisa ta goma da aka rantsar a Yunin 2023 wa'adinta zai ƙare a Yunin 2027, kuma abin da bai kammalu ba yakan bi ta, sai a sake sabon lale. Wanda ya ba da kuɗi don a sayar masa da gurbin aiki ya yi hattara, kokensa amsa laifi ne a rubuce, ya ga lauya tukuna. Jami'in da ke cikin kaki ma ya fara bin matakan cikin gida, kada a juyo masa da tuhumar tsallake na gaba.

Ko an yi nasara, abin da zai fito shawara ce, kamar yadda aka faɗa a sama. Sau da yawa dai wasiƙar gayyata kaɗai kan sa fayil ɗin da ya yi barci ya motsa, don ba shugaban da ke son a karanta sunan hukumarsa gaban 'yan jarida. Tabbas ne? A'a. Amma kwantar da hankalinka, kai koke haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba ne.

Me ya sa suke korar 'yan jarida in hafsoshi sun zo?

Don ba a faɗin yawan makamai da inda za a kai farmaki gaban kyamara. Wannan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne a fito bayan awa huɗu a ce an yi tattaunawa mai amfani, daga nan shiru kake ji. Kuɗin da aka kashe da alkawarin da aka ɗauka ba sirrin yaƙi ba ne. Ka tambayi ɗan majalisarka wannan.

Majalisa ce ta ƙara kuɗin fasfo?

A'a, hukumar shige da fice ce ta sanar. Daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000, ga masu nema a cikin gida. Majalisa na iya kiran minista ta tambaye shi dalili da inda kuɗin ke shiga.

Kuɗin tsaro na gwamnanmu fa, wa zai bincika?

Majalisar dokokin jiharku, sashe na 128 da 129. Ba Abuja za ka zo ba. Mutanen babban birnin tarayya ne kaɗai ba su da majalisar jiha, nasu lamarin duka Majalisar Tarayya ce ke dubawa.